Tarihin Abinci: Yadda Masara da Girkin Bayi Suka Ciyar da Turawan Farko a Amurka

A hunturun shekarar 1609 zuwa 1610, yunwa ta yi wa Turawan Ingila da ke zaune a Jamestown ƙawanya. Garin, wanda ke cikin jihar Virginia ta yau, bai wuce shekara uku da kafuwa ba. Mazaunansa suka cinye dawakansu, suka koma kan karnuka da kyanwoyi da ɓeraye, har fatar takalma sai da suka dafa. Da jiragen ruwa suka iso a watan Mayun 1610, mutum kusan 60 kaɗai aka tarar da rai cikin ɗaruruwan da suka shiga hunturun. A shekarar 2013 masana daga cibiyar Smithsonian suka bayyana cewa ƙasusuwan wata yarinya da aka tono a wurin suna ɗauke da alamun da ke nuna an ci naman gawarta.

Fari ya taimaka wajen jawo wannan masifa, haka ma rikicin da ya ɓarke tsakaninsu da al'ummar Powhatan, 'yan asalin yankin, waɗanda suka tsare hanyoyin fita daga garin. Amma tushen matsalar shi ne baƙin ba su san yadda za su ciyar da kansu a wannan ƙasa ba. Da yawansu neman zinariya ya kawo su, ba su taɓa riƙe fartanya ba, kuma tun zuwansu da masarar 'yan ƙasa suke rayuwa, wani lokaci ta hanyar ciniki, wani lokaci da bakin bindiga.

Duk wanda ya bi tarihin abincin yau da kullum na waɗannan 'yan kama-wuri-zauna, tun daga zamanin mulkin mallakar Ingila har zuwa lokacin da jikokinsu suka riƙa ƙaura zuwa yammacin nahiyar a ƙarni na 19, zai tarar cewa kaɗan ne daga abin da ke cikin tukunyarsu ya zo daga Turai yadda yake. Mafi yawansa sun koya ne daga 'yan asalin ƙasar da kuma bayin da aka kwaso daga Afirka, sauran kuma wahalar hunturu da nisan hanya suka tilasta musu.

Da ɗan gari kan ci gari

Abin da ya faru a Jamestown ya kusa maimaituwa a arewa. A ƙarshen 1620 jirgin ruwan Mayflower ya sauke fasinjoji 102 a wurin da suka kira Plymouth, cikin jihar Massachusetts ta yanzu. Kafin hunturu ya wuce, kusan rabinsu sun mutu. Waɗanda suka tsira sun sami taimakon wani ɗan ƙasa mai suna Tisquantum, wanda aka fi sani da Squanto. Ya iya Turanci ne saboda a 1614 wani matuƙin jirgin Ingila ya sace shi ya kai shi Sifaniya don ya sayar, daga baya ya zauna a Landan kafin ya sami hanyar dawowa gida, inda ya tarar annoba ta ƙarar da mutanen garinsu. Shi ya nuna wa baƙin yadda ake shuka masara a kan tudun ƙasa tare da binne kifi a matsayin taki.

'Yan ƙasar suna haɗa masara da wake da kabewa a gona ɗaya. Karan masara ya zama abin hawan wake, wake ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, faffaɗan ganyen kabewa kuma ya rufe ƙasa ya hana ciyawa fitowa, ya riƙe danshi. Manomin da ya saba haɗa gero da wake a kunya ɗaya ba zai ga baƙon abu a nan ba. Wannan tsari ya dace da sabon zuwa, domin masara tana yi a tsakanin kututturan dajin da aka sare, ba ta buƙatar garmar shanu, kuma abin da take bayarwa ya ninka na alkama.

Da kakar 1621 ta yi kyau, mutanen Plymouth suka yi biki na kwana uku tare da Massasoit, sarkin al'ummar Wampanoag, wanda ya zo da mutanensa kusan 90, suka kuma kawo barewa biyar. Wannan ne ake dangantawa da ranar godiya da Amurkawa ke yi kowane watan Nuwamba, wadda Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana a matsayin ranar ƙasa a 1863. Sai dai zaman lafiyar bai ɗore ba. Shanu da aladun da Turawan suka kawo, waɗanda suke sakewa su yi kiwon kansu a daji, suka riƙa shiga gonakin 'yan ƙasa suna ɓarna, ga kuma ƙwacen filaye. Shi ya sa tun daga 1970 wasu 'yan asalin ƙasar ke taruwa a Plymouth a wannan rana domin zaman makoki.

Turawan sun so su ci gaba da cin burodin alkama kamar yadda suka saba, amma daga wajajen 1660 wata cutar tsatsa ta riƙa lalata alkama a yankin New England. Sai suka koma cuɗa garin masara da na wani hatsi ɗan'uwan alkama mai jure sanyi, su gasa burodi mai nauyi da duhu. Alkama ta fi yi a Pennsylvania da New York, amma ga talaka a yawancin yankuna, farin burodi abincin ranar biki ne.

Akwai darasi ɗaya da baƙin ba su riƙe da kyau ba. 'Yan ƙasa kan dafa tsabar masara cikin ruwan toka kafin su sarrafa ta. Wannan yana cire ɓawon, kuma, kamar yadda kimiyya ta gano daga baya, yana sa jiki ya iya amfana da sinadarin niyasin da ke cikinta. Turawa sun ɗauki wannan dabara wajen yin wani abinci da suke kira hominy, amma garin masarar da suke ci kullum niƙa shi kawai suke yi. A wuraren da talakawa suka dogara kusan kacokan a kan irin wannan gari, cutar felagra ta yi ɓarna: fata ta yi kirci, ga gudawa, ga rikicewar hankali. Ta kashe dubban mutane a kudancin Amurka a farkon ƙarni na 20, kafin likita Joseph Goldberger ya nuna cewa daga ƙarancin abinci mai gina jiki take tasowa.

Murhu da tukunya

A gidan ɗan kama-wuri-zauna na farko, ɗakin girki shi ne ɗakin zama, sau da yawa shi ne kuma ɗakin kwana. Murhun wani babban lungu ne a jikin bango, an gina shi da dutse ko tubali, da mafitar hayaƙi a sama. Nan ake girki, nan ake jin ɗumi, kuma haskensa ne fitilar dare. Ana gitta ɗanyen itace a can sama a rataya tukwane da ƙugiya. Idan itacen ya ƙone ba a lura ba, sai tukunya ta faɗo da abin da ke ciki, wani lokaci a kan mai girki ko yaran da ke kusa. Daga baya aka maye gurbinsa da sandar ƙarfe mai juyawa, wadda ake jawo tukunya da ita daga kan wuta.

Uwargida ba da harshen wuta take girki ba, da garwashi take yi. Takan ɗebo shi ta yi 'yan tsibi-tsibi a gaban murhu, ta ɗora kasko mai dogayen ƙafafu a kan wannan, tukunya a kan wancan. Akwai wata tukunyar ƙarfe mai murfi mai leɓe, wadda ake zuba garwashi a ƙarƙashinta da kuma kan murfin, sai ta zama ƙaramin tanderu. Gidan da ke da tanderun tubali kuwa sau ɗaya a mako ake hura shi. Idan itacen ya cinye aka kwashe tokar, mai gashi takan miƙa hannunta ciki tana ƙirga, da haka take gane ko zafin ya kai. Burodi ke fara shiga, sai sauran kayan gashi, a ƙarshe tukunyar wake ta kwana a ciki.

Ashana irin wadda ake ƙyastawa ba ta samu ba sai a ƙarshen shekarun 1820. Saboda haka kowane dare sai an rufe garwashi da toka don ya kai safe. Idan wuta ta mutu, ko dai a koma ga ƙyastu da ƙanƙara, ko a aiki yaro gidan maƙwabta ya ɗebo wuta, ko da kuwa maƙwabtan suna da nisa.

Abincin safe, na rana da na dare

Da safe yawanci talgen garin masara ake sha, mai kauri tsakanin kunu da tuwo, a zuba madara ko baƙin maɗin rake. Abin da ya rage idan ya daskare sai a yayyanka a soya. Akwai kuma wainar masara da ake gasawa a kasko ko cikin toka mai zafi. Ba abincin talaka kaɗai ba ne, domin George Washington kansa, shugaban Amurka na farko, da irin wannan waina yake karya kumallo, da zuma da man shanu.

Babban abinci shi ne na tsakar rana. Tukunya ɗaya ake ɗorawa tun da hantsi, a jefa gishirtaccen nama, wanda galibi na alade ne, tare da kabeji ko wake ko kabewa da albasa, ta yi ta dahuwa yayin da ake sauran aikace-aikace. Na dare kuwa ɗan taɓawa ne: ragowar na rana, ko burodi da madara. A ƙarni na 17 yawancin gidaje da akushin katako ake ci, sau da yawa mutum biyu a akushi ɗaya, da cokali da wuƙa da hannu. Cokali mai yatsu bai yawaita ba sai cikin ƙarni na 18.

Addini ma ya shiga tukunya. Mabiya ɗarikar Puritan a New England suna tsananta kiyaye ranar Lahadi, ba sa son a yi aiki a cikinta, har da girki. Don haka ake dafa wake da maɗi tun ranar Asabar, a ci da dare, a kuma ci washegari. Birnin Boston ya shahara da wannan abinci har yau.

Ta fuskar abin sha, Turawan sun zo da rashin yarda da ruwa, saboda haka giya marar ƙarfi da tsimin tuffa suka zama abin shan yau da kullum. Shayi ya shigo daga baya ya zama abin alfahari, har harajin da Ingila ta ɗora masa ya jawo masu zanga-zanga suka zubar da akwati 342 na ganyen shayi a tashar jiragen ruwan Boston ranar 16 ga Disambar 1773. Daga nan shan kofi ya ƙara samun karɓuwa.

Tanadin hunturu

A ƙasar da dusar ƙanƙara ke rufe gona wata da watanni, aikin da ya fi girki muhimmanci shi ne adana abinci. Ana jira sai sanyi ya shigo, a Nuwamba ko Disamba, sannan a yi yanka, don kada naman ya lalace kafin a gama da shi. Wani a jera shi cikin ganga ana barbaɗa gishiri, wani a rataye shi a ɗan ɗakin da aka keɓe don banda, kitsen kuma a narkar da shi don girki da yin sabulu da kyandir. Tuffa da kabewa a yayyanka su a zarga a zare a shanya kusa da murhu. Dankali da karas da makamantansu a ajiye su a ramin ƙarƙashin ƙasa inda ƙanƙara ba ta kaiwa. Madara a mayar da ita cuku da man shanu mai gishiri. Zaƙi kuwa, bayan zuma da maɗi, sun koya daga 'yan ƙasa yadda ake tsaga jikin itacen mapul a tari ruwansa a dafa har ya zama sukari.

Lokaci mafi wuya shi ne ƙarshen hunturu, sa'ad da ganga ta kusa ƙarewa, gona kuma ba ta fara bayarwa ba. Gidan da uwargidansa ta yi kuskuren lissafi a kaka, a wannan lokaci yake gane kurensa.

Hannun bayin Afirka

A 1619 aka sauke 'yan Afirka na farko da aka kawo Virginia a matsayin bayi. Cikin ƙarni biyu da suka biyo baya, gumin bayi ya shiga kusan kowane kwano. Maɗin da ake zubawa a talge daga gonakin raken tsibiran Karibiyan yake fitowa, inda bayi ke aiki, kuma 'yan kasuwar New England kan kai musu mafi ƙasƙancin busasshen kifinsu a matsayin abincin bayin.

A South Carolina, shinkafa ce ta azurta masu gonaki tun daga ƙarshen ƙarni na 17. Turawan Ingila ba su da gadon nomanta, amma mutanen gabar Afirka ta Yamma, daga Senegal zuwa Saliyo, sun daɗe suna yi. Masu gonaki sun fi son bayi daga wannan yanki, kuma da turmi da taɓarya da faifai irin na gida matan suke surfe da sheƙa. Masana, cikinsu har da Judith Carney, sun nuna irin rawar da wannan ilimi ya taka, ko da yake akwai muhawara kan girmanta.

Kuɓewa da wake mai baƙin ido da riɗi da dawa duk ta hanyar cinikin bayi suka isa Amurka. Sunan da Turanci ke kiran kuɓewa da shi ana danganta asalinsa da harshen Ibo. Dafa-dukan shinkafa da wake da mutanen kudancin Amurka ke ci ranar sabuwar shekara, wanda suke kira Hoppin' John, daga tukunyar bayi ya fito, kuma duk wanda ya san garau-garau zai gane danginsa.

A manyan gidaje bayi ne masu girki. Hercules, kukun George Washington, ya yi suna a Philadelphia kafin ya gudu daga bauta a watan Fabrairun 1797. James Hemings, bawan Thomas Jefferson, an tafi da shi Paris a 1784 ya koyi girkin Faransa, kuma bai sami 'yancinsa ba sai a 1796, bayan ya koya wa ƙanensa aikin. Littafin girkin da Mary Randolph ta wallafa a 1824 yana ɗauke da hanyoyin dafa kuɓewa, amma da sunanta ya fita, ba da sunan waɗanda suka tsaya a bakin murhu ba.

Su kansu bayin abin da ake ba su kaɗan ne. Frederick Douglass, wanda aka haifa bawa a Maryland ya kuma zama fitaccen mai yaƙi da bauta, ya bayyana a tarihin rayuwarsa na 1845 cewa rabon babban mutum a wata shi ne nama ko kifi da bai kai kilo huɗu ba, da ma'auni ɗaya na garin masara. Yara kuwa a kwamin katako ake zuba musu talge a ƙasa, su ci da ɓawon kawa ko da hannu. Da ɗan lambun bayan ɗaki da kamun kifi da tarko cikin dare iyalai suke cike giɓin.

Guzurin tafiya yamma

Bayan samun 'yancin kai, Amurkawa suka fara kwarara zuwa yamma, cikin ƙasashen da 'yan asali ke zaune. Hanya mafi shahara ita ce ta Oregon, mai tsawon sama da kilomita 3,000 daga Missouri, tafiyar wata huɗu zuwa shida a keken shanu. Ayari babba na farko, mai mutum kusan 1,000, ya tashi a 1843, gano zinariya a California a 1848 kuma ya ƙara yawan matafiya.

Littafin jagora da Lansford Hastings ya wallafa a 1845 ya shawarci kowane babban mutum ya tanadi fulawa kimanin kilo 90, gishirtaccen naman alade kilo 68, sukari kilo 9, da kofi da gishiri kilo huɗu da rabi kowanne. Abinci a hanya kusan iri ɗaya ne safe da yamma: burodi, nama, kofi, wani lokaci wake ko busasshiyar tuffa. Masu saniyar tatsa kan rataye bokitin madara a jikin keken da safe, jijjigar hanya ta kaɗa shi, da yamma a tarar man shanu ya tashi.

A filayen tsakiyar nahiyar babu itatuwa, sai mata da yara su riƙa tsintar busasshen kashin ɓauna suna hura wuta da shi a ɗan ramin da aka haƙa don kare iska. Idan an harbe ɓauna, a yanyana naman a shanya a jikin keken, dabarar da 'yan ƙasa suka daɗe da ita. Su 'yan ƙasar har daka busasshen naman suke yi su cuɗa da kitse da 'ya'yan itace, ya daɗe bai lalace ba. A yankin Wyoming na yau matafiya kan kwashi wani farin gishiri mai kama da kanwa a bakin tafkunan da suka ƙafe, su zuba a ƙullu don burodi ya tashi.

Abin da ya fi kashe mutane a hanyar shi ne kwalara, daga gurɓataccen ruwan zangon da ayari bayan ayari ke sauka. Rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace kuma yana jawo ciwon kumburin dasashi. Kuskuren lissafin lokaci ma yana da tsada. Ayarin Donner, wanda ya bi wata gajeruwar hanya da shi Hastings ɗin ya tallata, ya makara, dusar ƙanƙara ta rutsa shi a tsaunukan Sierra Nevada a hunturun 1846 zuwa 1847. Cikin mutum 87, 48 ne suka fita da rai, wasunsu bayan sun ci naman waɗanda suka mutu.

Waɗanda suka sami fili ƙarƙashin dokar 1862, wadda ta ba kowane magidanci eka 160, sun ci gaba da fama. Da yawa sun zauna a ɗakunan da aka gina da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa, suna girki da totuwar masara da murɗaɗɗiyar ciyawa. Idan kofi ya ƙare, a soya hatsi a dafa a madadinsa, da babu gara ba daɗi. A 1874 fara ta sauka a Kansas da Nebraska da maƙwabtansu ta cinye amfanin gona. A daidai wannan zamani aka yi wa ɓauna kisan ƙare-dangi, daga miliyoyi zuwa 'yan ɗaruruwa kafin 1890, abin da ya jefa al'ummomin da suka dogara da ita cikin yunwa, ya tilasta musu zama a keɓaɓɓun yankuna suna karɓar rabon fulawa da kitse daga gwamnati.

Sauyin zamani

Alamar farko ta cewa wannan girki ya zama na kansa ita ce littafin Amelia Simmons, American Cookery, da aka buga a Hartford a 1796, littafin girki na farko da wata Ba'amurkiya ta rubuta. A cikinsa akwai abincin garin masara da na kabewa, da kuma amfani da wani gishiri da ake tacewa daga tokar itace don tayar da ƙullu, wanda shi ne kakan hodar gashi ta yau. Daga shekarun 1830 murhun ƙarfe mai rufi ya fara maye gurbin buɗaɗɗen murhu, ya rage cin itace da haɗarin ƙuna. A 1856 Gail Borden ya sami rajistar hanyar yin madara mai kauri, a 1858 John Mason ya fito da kwalbar adana abinci mai murfin murɗawa, sannan jirgin ƙasa, wanda ya haɗa gabas da yamma a 1869, ya fara kai fulawa da abincin gwangwani har ƙauyuka.

Kayan aikin sun sauya, amma abincin ya saura. Burodin masara, waken Boston, miyar kuɓewa ta Louisiana da shinkafa da waken Carolina duk suna kan teburin Amurkawa a yau. A wuraren tarihi irin su Mount Vernon da Monticello, gidajen Washington da Jefferson, yanzu ana nuna wa baƙi ɗakunan girkin da bayi suka yi aiki, ana kuma ambaton sunayen waɗanda aka iya ganowa cikinsu.